Daga Zariya Zuwa Karibiyan: Yadda Ake Shirya Hutun da Ya Haɗa Yawon Birni da Bakin Teku

Yawancin masu sha'awar zuwa tsibiran Karibiyan da hotuna suke farawa: farin yashi, ruwa garai-garai, itatuwan kwakwa. Sai sun gama zaɓar wurin da ya kwanta musu a rai, sannan su tarar ba su da hanyar isa can. Ga mai koren fasfo da zai taso daga Zariya, hanya da biza su ne ke zaɓar tsibiri. Sai an gama da su ake maganar otal.

Abu na biyu da za a duba shi ne tazarar birni da teku. A Jamhuriyar Dominika, tsakanin tsohon birnin Santo Domingo da gaɓar Punta Cana akwai kusan kilomita 200. A Kuba, daga Havana zuwa Varadero wajen kilomita 140 ne. Ke nan masauki biyu, ɗaurin kaya sau biyu, da yini guda da zai salwanta a mota. San Juan na Puerto Rico ya haɗa birni da teku wuri ɗaya, amma ƙasar Amurka ce, sai da bizarta.

Shi ya sa wannan bayani zai tsaya a kan Barbados. Ɗan Najeriya na shiga ƙasar yawon buɗe ido ba da biza ba, Turanci ake yi, kuma daga tsakiyar Bridgetown, babban birnin, zuwa yashin Carlisle Bay tafiyar minti goma ce a ƙafa. Tsibirin duka tsawonsa kilomita 34 ne, faɗinsa 23, wato bai kai rabin nisan Zariya zuwa Kaduna ba. Dokar shiga ƙasa takan sauya, don haka ka sake tabbatar da batun biza a shafin hukumar shige da ficen Barbados a makon da za ka biya kuɗin tikiti.

Bizar ratse, inda aka fi yin asara

Barbados ba ta neman biza, amma ƙasar da za ka ratsa tana nema. Nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa, domin kamfanin jirgi ba zai bar ka ka hau ba tun daga Abuja ko Legas, kuma tikitin mai araha ba a mayar da kuɗinsa.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Landan. Daga Najeriya zuwa can awa shida da ɗoriya ne, daga Landan zuwa Bridgetown kuma kusan awa tara, a jiragen British Airways ko Virgin Atlantic. Birtaniya na da bizar ratse iri biyu, kuma wajibi ne ka san wadda ta dace da tikitinka. Ta farko ta wanda zai sauya jirgi ne ba tare da ya bi ta teburin jami'an shige da fice ba, wato yana cikin filin jirgin har ya tashi. Ta biyu ta wanda zai fita ta wajensu ne ya bar ƙasar cikin awa 48. Abubuwa uku ke jefa mutum cikin rukuni na biyu ko bai shirya ba: idan ya sauka a Heathrow amma jirginsa na gaba daga Gatwick zai tashi, idan tikiti biyu ya saya daban-daban har sai ya karɓi jakarsa ya sake auna ta, ko kuma idan zai kwana.

Wannan na kwana ya fi shafar mutanen Arewa. Jiragen Barbados yawanci kafin azahar ko da tsakar rana suke barin Landan. Jirgin da ya tashi daga Abuja da safe sai da rana yake isa, ya tarar na Barbados ya riga ya tafi, sai washegari. Jirgin dare daga Legas kuwa da asuba yake sauka, ana iya haɗawa a rana ɗaya. Saboda haka ka buɗe jadawalin tikitin ka karanta layi-layi: filin sauka, filin tashi, kwanan wata, da yawan awannin jira, a zuwa da kuma dawowa. Ka tabbata bizar da aka ba ka ta ɗauki ratsawa biyu ɗin. Wanda ke da bizar ziyarar Birtaniya mai rai ya huta da duk wannan.

Ta Amurka kuwa babu zancen zama a cikin filin jirgi. Kowa sai ya bi ta jami'an shige da fice, don haka sai da bizar Amurka. Filayen jiragen ƙasashen Shengen, irin su Faris da Amsterdam da Frankfurt, su ma suna neman bizar ratse daga ɗan Najeriya, in ba yana cikin waɗanda aka ɗauke wa ba. Air Peace ya taɓa kai fasinja kai tsaye daga Najeriya zuwa Karibiyan, kuma irin wannan jirgi yana kawar da matsalar gaba ɗaya, don haka ka tambayi ejan ɗinka ko akwai wanda ya dace da ranakunka.

Ka fara neman bizar ratse wata biyu kafin tafiya. Ka sayi tikitin duka a lamba ɗaya, ko da ya ɗan fi tsada, domin idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema maka wani. Daga Zariya kuma kada ka yi sammakon ranar tashi. Ko ta mota za ka bi, ko jirgin ƙasa daga Rigasa, ka kwana a garin da jirginka zai tashi.

Sauran takardu ba su da wuya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Akwai fom na shige da fice da kwastan na Barbados da ake cikewa ta intanet a cikin kwana uku kafin isa. Ka buga tikitin dawowa, shaidar kama masauki da bayanin asusun banki a takarda. Jami'in da zai buga maka hatimi yana da ikon tambayar ina za ka sauka, kwana nawa, da me za ka ci da kanka, kuma waya takan mutu a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Wane wata?

Daga Disamba zuwa Mayu ne rani a can. Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu kuma shi ne lokacin da Turawa ke gudun sanyi su cika tsibirin, farashin ɗaki ya yi sama. Lokacin guguwar teku a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Barbados na gefen gabas, guguwa ba ta cika faɗa mata kai tsaye ba, amma Elsa ta taɓa ta a Yulin 2021, Beryl kuma ta farfasa jiragen masunta a Yulin 2024. Mafi dacewa ga mai lissafin aljihu shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko farkon Disamba. Bikin Crop Over, na murnar gama girbin rake, yana ƙarewa ne ranar Litinin ta farkon Agusta. Gari kan cika, ɗakuna su yi tsada, kuma irin shigar da ake yi a ranar ba kowane mai iyali zai so yaransa su gani ba.

Kwana bakwai a tsibirin shi ne mafi ƙaranci da zai biya wahalar hanya. Da zuwa da dawowa, ka ware kwana goma zuwa sha ɗaya.

Masauki ɗaya, a gaɓar kudu

Gaɓar yamma, wajen Holetown da Paynes Bay, ita ce mai ruwa kwance da otal-otal masu tsadar gaske. Gaɓar gabas Tekun Atilantika take fuskanta, ta kallo ce. Gaɓar kudu, daga Hastings zuwa Rockley da Worthing har Dover, ita ta fi dacewa da wannan shiri: tana tsakanin filin jirgin Grantley Adams da Bridgetown, motocin haya na wucewa kowane lokaci, ga manyan kantuna. St. Lawrence Gap akwai gidajen rawa da kiɗa har dare ya raba, mai son barci ya ɗan nisance shi.

Ka nemi ɗaki mai kicin maimakon otal ɗin da ake biyan komai a dunƙule. A irin wancan otal, kaso mai yawa na kuɗinka na giya ne da ba za ka sha ba, kuma tunda ka riga ka biya abincin rana, za ka ji ƙyashin fita gari. Kafin ka biya, ka tambaya ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, domin sukan ƙaru a kan abin da aka rubuta.

A raba yini, kada a raba mako

Kuskuren da aka saba yi shi ne a ce kwana uku na gari, huɗu na teku. Sai mutum ya yini yana gararamba a kan kwalta cikin zafi mai gumi, wanda ba irin busasshen zafinmu ba ne, sannan ya yi kwana huɗu a kan yashi har ya gundura. Tunda birni da teku maƙwabta ne, kowace rana a ba kowa rabonsa: gari daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, hutu da azahar a masauki, teku daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Najeriya na gaban Barbados da awa biyar, saboda haka a kwanakin farko ido zai buɗe tun kafin asuba. Ka ci moriyar wannan.

Asubar farko ka nufi Pebbles Beach, a ƙarshen Carlisle Bay. Da gari ya fara wayewa masu kula da dawakin sukuwa na filin Garrison Savannah sukan jawo su zuwa teku. Za ka ga ingarma ya shiga ruwa har wuya, yana huci, mai shi na riƙe da ragama yana iyo a gefensa, sannan a fito da shi ana goge masa jiki yana sheƙi. Bazazzagen da ya tashi yana kallon Hawan Daushe zai daɗe a wurin. Kafin ƙarfe bakwai yawanci sun watse.

Tsakiyar Bridgetown safiya ɗaya ta ishe ta. Ka fara daga Independence Arch, ka haye gadar Chamberlain kana kallon ƙananan jiragen ruwa a mashigin Careenage, ka fito National Heroes Square, inda gunkin Nelson, jagoran sojan ruwan Ingila, ya tsaya fiye da shekara 200 kafin a sauke shi a 2020. Gine-ginen majalisa na fuskantar dandalin, an gina su da dutsen murjani a shekarun 1870, ita kuwa majalisar tun 1639 take. Daga nan Broad Street ne mai manyan kantuna, amma Swan Street da ke bayansa ya fi rai, nan 'yan gari ke cinikinsu. Akwai wurin ibadar Yahudawa na Nidhe Israel da aka kafa a 1654, sai kasuwar Cheapside ta kayan gwari da 'ya'yan itace, wadda ta fi cika ranar Asabar da safe. Ranar Lahadi kantunan birni a rufe suke, kada ka ɓata safiyarka.

Safiya ta biyu ta unguwar Garrison ce, tsohon barikin sojan Ingila, wanda UNESCO ta sa shi tare da tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Gidan tarihin ƙasar yana cikin tsohon kurkukun soja, kuma a nan za ka fahimci inda kake. Turawan Ingila sun zauna tsibirin a 1627, suka mayar da shi gonar rake, suka cika shi da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Mafi yawan mutanen da za ka gaisa da su a titi jikokin waɗannan bayin ne. Wanda ya ga wannan ya kamata ya ƙarasa maƙabartar bayi ta Newton da ke Christ Church, ya kuma tsaya a gunkin tunawa da 'yanci da ake kira da sunan Bussa, jagoran tawayen bayi na 1816. Yaran da aka kai waɗannan wurare sun samu abin da ya fi wanka a teku.

Rana ɗaya kacal za ka ware wa zagayen tsibiri: kogon Harrison's Cave da ake shiga a ƙaramar motar lantarki, sai Bathsheba a gabas, a dawo ta Speightstown. A wannan rana ka ɗauki tasi na yini. Tasi a can ba su da mita, a yi ciniki kafin a shiga, kuma a fayyace ko dalar Barbados ake nufi ko ta Amurka. Tuƙi a hannun hagu ake yi, tituna ƙanana ne masu kwana-kwana, don haka hayar mota ba dole ba ce.

Sauran ranaku motar haya ta wadatar. Iri uku ce: manyan bas shuɗaye na gwamnati, matsakaita masu ruwan ɗorawa, da ƙananan farare da ake kira ZR, masu gudu da kiɗa. Kuɗin duka ɗaya ne, dalar Barbados 3.50 ko ina za ka sauka, kuma bas ɗin gwamnati ba ya ba da canji. Allon tasha yana nuna "To City" ga mai shiga birni, "Out of City" ga mai fita. Ka gaida mutane idan ka shiga mota ko kanti. Suna riƙe da gaisuwa kamar yadda muke riƙe da ita, kuma suna lura da wanda ya wuce ta.

Teku ba Kubanni ba ce

Duk gaɓar tekun Barbados ta jama'a ce, ko da otal mai tsada ne a bayanta. Kujera da laima ne kawai na haya.

Wanda ya koyi iyo a rafi ko dam ya sani cewa ruwan teku yana ja. Carlisle Bay da ɓangaren Miami Beach (ta Barbados, a gaɓar kudu) mai kwanciyar ruwa su suka fi dacewa da yara da wanda bai gwanance ba. Accra Beach da Dover suna da igiya matsakaiciya. Bathsheba da sauran gaɓar gabas kuwa ba a shiga, komai kyan da ruwan ya yi a ido. Ka zaɓi wurin da ke da masu ceto, in ka ga jar tuta ka haƙura. Idan ka ji ruwa na jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ka yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har ka fita daga bakin jan, sannan ka juyo. In ba ka iya ba, ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu.

Akwai wata bishiya a bakin teku, musamman a yamma, mai suna manchineel. 'Ya'yanta ƙanana ne kore, masu ƙamshi, yaro zai ɗauka abin ci ne, alhali guba ne. Ruwan jikinta na sa fata ta yi bororo, ko fakewa a ƙarƙashinta lokacin ruwan sama ba a yi. Yawanci ana shafa mata jan fenti a gindi. Ka nuna wa yara tun ranar farko. Wurin duwatsu kuma akwai bushiyar teku mai baƙar ƙaya, takalmin roba na maganinta. Daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen damina wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa takan taru a gaɓar gabas da kudu kamar yadda kainuwa ke rufe kududdufi, in ta ruɓe tana wari. Ranar da ta sauka, sai a hau mota a koma yamma.

Ganin kunkurun teku da tsofaffin jiragen da suka nutse a Carlisle Bay ya cancanci kuɗinsa. Manyan jiragen shaƙatawa na yini suna haɗawa da giya da kiɗa. Mai iyali ya ɗauki ƙaramin kwalekwale mai gilashi a ƙasa, na awa ɗaya ko biyu, ya nemi rigar hana nutsewa ga kowa. Uwargida da 'yan mata su tanadi kayan iyo masu rufe jiki tun daga gida, na yadi mara shan ruwa. Atamfa ko doguwar rigar auduga in ta jiƙe nauyi take yi, tana naɗe ƙafa. Baƙar fata ma rana na ƙona ta a bakin teku, a shafa man kariya. Zazzaɓin cizon sauro irin namu babu shi a can, amma akwai dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Ci da salla

Abincin ƙasar shi ne cou-cou da kifi mai tashi. Garin masara ne aka tuƙa da kuɓewa a ciki, ɗan'uwan tuwon masara miyar kuɓewa, ba zai yi maka baƙunta ba. Abin shan da suke kira sorrel zoɓo ne, sai dai ka tambaya ko an zuba masa giyar rake, wadda ake sa wa har a cikin kek. Naman alade yana shiga inda ba ka zato: pudding and souse na ranar Asabar alade ne zalla, kuma shinkafa da wake ma wasu da gishirtaccen naman alade suke dafa ta. Tambaya ba abin kunya ba ce a nan. Kifi shi ne mafita, kuma daren Juma'a a Oistins, garin masunta na gaɓar kudu, ana gasa shi a gabanka. Ka je da magariba kafin wuri ya cika. Ruwan famfo ana sha.

Akwai Musulmi a Bridgetown, yawancinsu 'yan asalin Gujarat ta Indiya. Jumma Masjid na Kensington New Road, Madina Masjid na Sobers Lane. Ka tsara safiyar Juma'a ta zama ta cikin birni, ka ƙare a masallaci, a nan kuma za a nuna maka inda ake sayar da naman halal. Alƙibla gabas ce ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 67, kusan daidai da yadda take a Zariya. Tsibirin na kan layi ɗaya da Sakkwato a taswira, don haka tsawon yini bai bambanta da na gida sosai ba.

Kuɗi da jaka

Dalar Barbados biyu ita ce dalar Amurka ɗaya, haka aka ɗaure ta tun 1975. Ana karɓar takardar dalar Amurka kusan ko'ina, a ba ka canji da kuɗin gida. Ba mai canza naira. Kada ka dogara da katin naira shi kaɗai, iyakar abin da banki ke bari a kashe a waje tana sauyawa. Ka riƙe katin asusun dala da tsabar kuɗi ƙananan takardu. Tsabar kuɗi mai yawa sai an bayyana wa kwastan. Kusan komai shigo da shi ake yi, abinci na da tsada, shi ya sa kicin ɗin nan zai yi maka rana.

Kada ka sa wa kowa tufafi mai zanen kakin soja, ko hula ce ko wandon yaro, doka ta hana farar hula sawa kuma ana ƙwacewa. Kilishi da dambun nama su zauna a gida, ba a shiga da nama sai da izini. Yaji, kuka ko garin kunu a ɗaure su da kyau a bayyana su a fom. Magunguna su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita. Wutarsu bolt 115 ce, soket ɗin kuma irin na Amurka mai siraran baki biyu: cajar waya za ta yi aiki da adafta, amma dutsen guga ko butar lantarki ta gida ba za su yi zafin kirki ba. Layin waya na Digicel ko Flow ana saya da fasfo. Lambar 'yan sanda 211 ce, ta motar asibiti 511.

Jiragen Landan da yamma ko da dare suke tashi daga Barbados, alhali masauki kan so ka fita kafin azahar. Ka roƙi a ajiye maka kaya, ka yi wankan teku na ƙarshe da sassafe domin tufafi su bushe, ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Rigar sanyi ta kasance a jakar hannu saboda jiran Landan.